Jiran Sallama: Rayuwar Ƙananan Sojojin Nijeriya Bayan Yaƙin Basasa, 1970 zuwa 1979

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci halin da ƙananan sojojin Nijeriya suka zauna a ciki tun daga watan Janairun 1970, lokacin da yaƙin basasa ya ƙare, har zuwa shekarun ƙarshe na mulkin soja na wancan zamani, lokacin da aka fara sallamarsu da gaske. Hujjar da maƙalar ta tsayu a kanta ita ce, jinkirin sallamar shawara ce da gwamnati ta yanke saboda tsoro, kuɗin man fetur kuma ya ba ta damar ɗorewa a kanta, amma ƙaramin soja da iyalinsa da mutanen garuruwan da aka jibge shi a cikinsu su ne suka ɗanɗana kuɗarta, musamman da yake an bar shi yana jira ba tare da an yanka masa rana ba, ba a kuma koya masa abin da zai dogara da shi idan ranar ta zo ba.

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin yaƙi sun saba ajiye alƙalami a ranar da mayaƙa suka ajiye makamai, sai mai karatu ya ɗauka cewa washegari kowane soja ya naɗe tabarmarsa ya kama hanyar garinsu. A haƙiƙa, tsakanin ranar da aka daina harbi da ranar da soja ya tuɓe kaki akwai wani zango da kan ɗauki watanni, wani lokaci ma shekaru, kuma abin da ya sami mutum a cikinsa yakan bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Abin da ake nufi da sallama a wannan maƙala shi ne tsarin da hukuma ke bi ta rage yawan runduna bayan yaƙi, ta karɓi makami da kayan aiki daga hannun soja, ta biya shi haƙƙinsa, ta ba shi takardar shaidar barin aiki, sannan ta mayar da shi cikin farar hula. Ƙananan sojoji kuwa su ne waɗanda ba su kai matsayin hafsa ba, wato tun daga farabiti marar igiya, zuwa kofur da saje, har samanja.

Ƙasashe sun sha bamban wajen tsawon wannan zango. Lokacin da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, rundunar Arewa tana da mutum kusan miliyan ɗaya, aka yi babban fareti a birnin Washington a ranakun 23 da 24 ga Mayu, kuma kafin ƙarshen watan Nuwamba na wannan shekarar an sallami fiye da 800,000. Duk da wannan hanzari, waɗanda aka riƙe, musamman waɗanda aka tura jihar Texas saboda sojojin Faransa da ke Meziko, sun cika da ƙorafi, wasu suka gudu, wasu suka yi bore, domin a ganinsu aikin da ya fito da su daga gida ya riga ya ƙare. Nijeriya ta bi wata hanya daban. Philip Effiong, wanda Odumegwu Ojukwu ya bar wa ragamar Biyafara, yankin Gabas da ya ɓalle daga Nijeriya, ya sanar da ajiye makamai ta rediyo a ranar 12 ga Janairun 1970, aka kammala miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas a ranar 15 ga watan, amma har zuwa 29 ga Yulin 1975 da aka hamɓarar da Janar Yakubu Gowon, yawan rundunar yana nan kusan yadda yaƙi ya bar shi.

Rundunar da yaƙi ya haifa

A farkon 1966 sojojin ƙasa na Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, ginshiƙinsu kuwa bataliyoyi biyar ne da ke Inugu da Ikeja da Kaduna da Ibadan da Kano, sai makarantar horar da kurata da ke Zariya. Yaƙin da ya ɓarke a ranar 6 ga Yulin 1967 ya ɗauki watanni 30, kuma kafin ya ƙare yawansu ya kai kimanin 250,000. Gwamnatin tarayya ba ta kafa dokar tilasta wa mutane shiga soja ba, da kansu suka zo: manoma da 'yan ci-rani, leburori da 'yan dako, yaran mota, da samarin da suka bar makaranta babu aikin yi. Kaso mai yawa ya fito ne daga yankunan da suka daɗe suna ba da soja tun zamanin Turawa, irin su Binuwai da Filato da kudancin Zariya da Zuru da Adamawa da Barno, daga baya kuma aka ɗebi mutanen Yamma da na gaɓar teku. An kuma kira mazan jiya, wato tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin duniya na biyu, da yawansu a ƙasar Bama, waɗanda sun taɓa ɗanɗana irin wannan jira a sansanonin Indiya, inda wasunsu suka zauna har cikin 1946 suna sauraron jirgin ruwan da zai mayar da su gida. Hausa ce ta haɗa yawancin waɗannan mutane masu harsuna barkatai, musamman nau'inta da ake kira Barikanci, wato sauƙaƙƙiyar Hausar da aka daɗe ana magana da ita a bariki.

Gaggawar da aka yi wajen tara wannan runduna ita ce tushen mafi yawan matsalolin da suka biyo baya. Horon kurtu da kan ɗauki watanni an taƙaita shi zuwa 'yan makonni. Manyan rundunoni uku da aka kafa, ta ɗaya a hannun Muhammadu Shuwa, ta biyu a hannun Murtala Muhammad, ta uku a hannun Benjamin Adekunle, kowace ta riƙa tafiyar da harkokinta kusan a gashin kanta, har da ɗaukar mutane da neman kayan yaƙi. Da hafsoshi suka yi ƙaranci, sai aka riƙa ɗora wa sajoji da samanjoji anini a fagen daga, ba tare da sun bi ta makarantar hafsoshi ba. A irin wannan hali rajista ba ta tsaru ba, an sami sunayen matattu da na waɗanda suka gudu suna nan a takardar albashi, wani yana karɓa. Wannan batu na rajista ana yawan tsallake shi, alhali shi ne ƙofar sallama, domin hukumar da ba ta tabbatar da ranar da mutum ya shiga aiki ba, ba ta da yadda za ta lissafa abin da yake binta.

Abin da ya hana sallama

A jawabinsa na ranar 1 ga Oktoban 1970, Gowon ya zayyana ayyuka tara da ya ce sai an kammala su kafin a miƙa mulki ga farar hula a 1976, kuma sake tsarin rundunar soja yana cikinsu. Sai dai maganar ba ta wuce takarda ba. Dalilin da aka fi ambata shi ne tsoron abin da zai faru idan aka saki dubban samari da suka iya bindiga cikin ƙasar da ba ta da aikin ba su. Tsoron ba na banza ba ne. Makamai sun watsu a hannun jama'a, fashi da makami ya yi ƙamari har gwamnati ta kafa doka mai lamba 47 ta 1970 da ta tanadi kisa ga 'yan fashi, kuma daga 1971 aka fara harbe su a bainar jama'a a bakin tekun Bar Beach da ke Legas. Akwai kuma darasin Akara, inda a ranar 28 ga Fabrairun 1948 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mazan jiya uku cikin waɗanda suka yi jerin gwano don neman haƙƙinsu, abin da ya tayar da tarzomar da ta girgiza mulkin Ingila a ƙasar da ta zama Gana.

Dalili na biyu ba a cika faɗinsa a fili ba. Gwamnati ta soja ce, kuma Gowon kansa ya hau mulki ne sakamakon boren watan Yulin 1966, wanda ƙananan hafsoshi da sajojin Arewa suka yi. Wanda ya ga abin da fushin bariki ya aikata a wancan wata ba zai yi garajen gaya wa rabin rundunarsa cewa an gama da su ba. Manyan hafsoshi ma suna da nasu lissafin, tunda yawan muƙamai da girman kasafi sun rataya ne a kan yawan mutanen da ke ƙarƙashinsu. Abin da ya sa wannan jan ƙafa ya yiwu shi ne man fetur, wanda farashinsa ya ninka kusan sau huɗu daga ƙarshen 1973, har ƙasa ta iya ci gaba da biyan albashin runduna mafi girma a yankin Afirka kudu da Sahara ba tare da ta ji a jikinta nan take ba. Galibin kuɗin tsaro ya riƙa tafiya a albashi da ciyarwa, kayan aiki da horo suka sami abin da ya rage.

Adalci shi ne a yarda cewa sallamar mutum dubu ɗari ko fiye a cikin 1970 kaɗai, ƙasa tana fama da yunwa a Gabas da karyayyun gadoji da 'yan gudun hijira, za ta iya haifar da fitina. Inda laifin gwamnati yake shi ne, ta mayar da jinkirin da ya kamata ya zama na shiri ya koma na kawar da kai. Shekaru biyar sun isa a tantance rajista, a raba mutane rukuni-rukuni, a gaya wa kowane rukuni shekarar fitarsa, a kuma koya masa sana'a kafin lokacin. Ba a yi hakan ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, aka bar mutane suna jiran gawon shanu.

Matsuguni da zaman yau da kullum

Matsalar da ta fi kowace fitowa fili ita ce ta wurin kwana, domin barikokin da aka gada an gina su ne don rundunar da ta ninka yanzu fiye da sau 20. A watannin farko sojoji sun ci gaba da zama inda yaƙi ya bar su a Gabas, cikin makarantu da ofisoshin gwamnati da gidajen waɗanda suka gudu, sai mutanen da suka fito daga daji suka tarar da baƙi a ɗakunansu. Ba daidai ba ne a rufe cewa a wannan lokaci an yi ƙwace, an yi wa mata fyaɗe, an kuma ɗauke wasu da sunan aure ba da yardarsu ko ta iyayensu ba, duk da shelar da Gowon ya yi cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi. Akwai kuma aurarrakin da aka ƙulla da yarda, ko da yake yunwa tana da hannu a cikin yardar, kuma da yawan waɗannan mata sun biyo mazansu zuwa Arewa, inda suka haifi 'ya'yan da suka tashi da Hausar bariki a bakinsu.

Daga baya aka rarraba rundunonin, ta ɗaya ta zauna a Kaduna, ta biyu a Ibadan, ta uku aka ɗauke hedikwatarta daga Fatakwal zuwa Jos, aka kuma baza bataliyoyi a garuruwan da ba su taɓa ganin bariki ba. Abin da soja ya tarar a mafi yawan waɗannan wurare fili ne da aka share a bayan gari. A nan ya kafa baca, wato ɗakin wucin gadi da ake haɗawa da itace da tsohon kwano ko zana, ciki ɗaya ga shi da matarsa da 'ya'yansa. Kayan ɗakin ba su wuce gadon ƙarfe ko tabarma ba, da akwatin ƙarfe da aka rubuta lambarsa a jiki, da kakin da aka goge aka rataye a ƙusa don kada ya yamutse kafin faretin safe. A ƙofa akwai duro na tarar ruwa da murhun duwatsu, bayan layin kuma shaddar da gidaje da yawa ke tarayya a kanta. Da bazara kwanon yakan hana zama a ciki, da damina ruwa ya bi ta ƙasa ya shigo. An ce zaman na ɗan lokaci ne, amma yaran da aka haifa a waɗannan ɗakuna sun isa shiga makaranta suna cikinsu.

Waɗanda ba su sami ko bacar ba sai suka kama haya a cikin gari, kuma a nan ne horon soja ya fara sukurkucewa, domin samanja ba shi da iko a kan mutumin da yake kwana a unguwar da ba ya gani. Rigimar kuɗin haya, ko ta layin famfo, ko ta mace, ko ta kuɗin mota, wadda tsakanin farar hula za ta ƙare a gaban mai unguwa, idan da soja a ciki takan ƙare ne da ya koma ya kirawo 'yan uwansa. Mafi munin abin da wannan zama ya haifar shi ne abin da ya faru a garin Ugep, cikin jihar Kuros Riba ta yanzu, a watan Disambar 1975, inda sojoji suka afka wa garin bayan an tsinci gawar ɗaya daga cikinsu, suka kashe mutane, suka ƙone gidaje. Ƙiyayyar da ta shiga tsakanin mai kaki da farar hula a waɗannan shekaru ta daɗe ba ta warke ba.

Da gwamnati ta tashi gina barikoki, sai aikin ya zama abin kunya. Zuwa 1975 hukumomin gwamnati sun yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, kuma tan miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne, adadin da ya fi ƙarfin tashar jiragen ruwa ta Legas nesa ba kusa ba. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a teku suna jiran layi, ƙasa tana biyan tarar jinkiri kullum, siminti yana daskarewa a cikin wasunsu, sojan da aka yi odar da sunansa kuwa yana nan a bacarsa.

Yinin soja a wannan zango gajere ne ta fuskar aiki. Ƙaho ya tashe shi da asuba, a yi kiran suna da fareti, a raba masu gadi, sauran a ba su adda su sare ciyawa ko su shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, kafin azahar an tashi. Babu isassun harsasai da motoci da malamai da za a yi wa mutum dubu ɗari biyu atisaye na gaske, saboda haka sauran yinin nasa ne. Masu dabara sun yi gona a bayan sansani, suka kiwata kaji da awaki, matansu suka kama sayar da abinci da itace a kasuwar mami, wato kasuwar da ke jikin bariki, ƙarƙashin kulawar magajiya, shugabar matan sojoji da ke sasanta rigingimunsu. Wasu sun shiga azuzuwan yaƙi da jahilci da sashen ilimi na rundunar ke gudanarwa, amma azuzuwan ba su kai ga kowa ba. Da yawa kuwa karta da caca da burukutu da tabar wiwi ne suka cinye musu lokaci. A cikinsu akwai waɗanda abin da suka gani ko suka aikata a fagen daga ya hana su barci, suna firgita da dare, suna faɗa babu dalili, kuma a zamanin da likitocin ƙwaƙwalwa ba su taka kara sun karya ba a ƙasar, maganin da irin wannan mutum ya fi samu shi ne gadurum, ɗakin da ake kulle sojan da ya yi laifi. Lokaci-lokaci akan nemo musu abin yi a waje, kamar rakiyar malaman ƙidaya a watan Nuwamban 1973, ko ba da hannu a titunan Legas, ko tura su makarantun sakandare don ladabtar da ɗalibai a zamanin mulkin soja na Obasanjo, amma babu ɗaya cikin waɗannan da ya koya wa soja abin da zai ci abinci da shi bayan ya fita.

Ranar albashi ce ke raba wata da wata. Ana ajiye tebur a inuwa, hafsa mai biya ya zauna da akwatin kuɗi, magatakarda a gefensa da littafi, sojoji su yi layi. A kira lambar mutum da sunansa, ya taka ya ƙame ya sara, a ƙirga masa a gabansa, ya sa hannu ko ya dangwala, ya sake sarawa ya juya. Kafin ya kai ƙofar ɗakinsa masu binsa bashi sun tare shi, mai abinci da mai burukutu da tela, ga kuma wasiƙar gida ana neman kuɗin haraji ko na taki ko na auren ƙane. Duk da haka, wannan kuɗi da ke zuwa kowane wata ba fashi shi ne abu mafi tabbas da yawancinsu suka taɓa riƙewa, kuma ƙarin albashin ma'aikata da aka fi sani da Udoji da aka biya a farkon 1975 bai bar sojoji a baya ba.

A nan ne jiran sojan Nijeriya ya rabu da na takwaransa na Amurka. Wancan yana ɗokin ranar sallama ne saboda gona ko shago na jiransa. Wannan kuwa zuciyarsa biyu ce, yana ƙosawa da zaman baca, yana kuma fargabar ranar da za a ce ya tafi. Farin da ya auka wa yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da amfanin gona a arewacin Sakkwato da Katsina da Kano da Barno, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa durƙusar da nomanta, wanda kuma ya shekara bakwai ba ya gida yakan tarar 'yan uwa sun raba gonar gado suna nomawa. Ga mata wadda wataƙila ba ta jin harshen ƙauyensu, ga 'ya'ya a makarantar bariki. Da yake hukuma ba ta faɗi komai a sarari ba, jita-jita ce ta cike gurbin, yau a ce za a fara da marasa ilimi, gobe a ce da mazan jiya, jibi a ce an fasa. Mutumin da bai san ko baɗi yana cikin aiki ba, ba ya iya gina ɗaki a garinsu da natsuwa, ba ya kuma iya sakin jiki ya ɗauki soja a matsayin sana'ar rayuwa.

Ɗaya ɓangaren

Mayaƙan Biyafara ba su yi irin wannan jira ba, domin babu hukumar da za ta sallame su. Rundunarsu ta watse cikin 'yan kwanaki, kowa ya tuɓe kaki ya saje da jama'a ya nufi garinsu hannu rabbana, a ƙasar da kuɗinta ya daina aiki, inda aka ba masu ajiyar kuɗin Biyafara fam 20 kacal kome yawan abin da suka miƙa. Hafsoshin da tun asali sojojin Nijeriya ne an gurfanar da su gaban kwamitin bincike ƙarƙashin Adeyinka Adebayo, aka mayar da wasu bakin aiki, aka sallami wasu, aka kori wasu, aka tsare wasu har zuwa 1974. Sai a watan Mayun 2000 Shugaba Obasanjo ya mayar da korar ta zama ritaya. Nakasassunsu an tara su a Oji River, inda suka shafe shekaru suna bara a bakin hanyar Inugu zuwa Anaca. Nakasassun ɓangaren tarayya sun fi samun kula, musamman a cibiyar Oshodi da ke Legas inda ake koyar da sana'o'in hannu, sai dai cibiyar ta yi kaɗan ga yawan masu bukata.

Yadda sallamar ta zo

Gwamnatin Murtala Muhammad, wadda ta gaji ta Gowon, da Theophilus Danjuma a matsayin hafsan hafsoshin sojan ƙasa, ita ce ta fito ta ce za a rage kimanin mutum 100,000, za a kuma tantance hafsoshin da suka sami anini a fagen daga ta hanyar jarrabawa. Ga mutumin da ya jagoranci kamfani a ƙarƙashin wuta amma karatunsa bai yi nisa ba, wannan jarrabawa barazana ce ga duk abin da ya mallaka. A ranar 13 ga Fabrairun 1976 Laftana Kanar Buka Suka Dimka da mutanensa suka kashe Murtala a Legas, kuma bayanin da gwamnati ta fitar daga baya ya lissafa shirin rage sojoji da batun ƙarin girma cikin abubuwan da suka harzuƙa masu yunƙurin. Kwamishinan tsaro, Manjo Janar Iliya Bisalla, yana cikin waɗanda aka harbe a watan Maris bisa laifin hannu a yunƙurin. Abin da Gowon ya guda ya auku, sai dai ba za a ce aukuwarsa ta gaskata jinkirinsa ba, domin shekarun da aka ɓata su ne suka sa mutane suka kafu a muƙaman da yanzu ake neman tumɓuke su daga kai.

Obasanjo, wanda ya gaji Murtala, da Danjuma sun ci gaba da shirin, amma da taka-tsantsan. Aka riƙa fitar da mutane kashi-kashi, tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda suka nemi tafiya da kansu, aka karkatar da wasu zuwa aikin ɗan sanda da kwastan da gidan yari, kuma kafin a miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a ranar 1 ga Oktoban 1979 yawan rundunar ya sauko ƙasa da 200,000, ya ci gaba da raguwa a shekarun da suka biyo baya. Masu lasin tuƙi da makanikai da masu aikin sadarwa sun sami abin yi, mafi yawan saura kuwa gadi ne ya karɓe su, a ƙofar kamfanoni da ma'aikatu da gidajen masu hali.

Lissafin shekaru ne ya fi cutar da su. Saurayin da ya shiga soja a 1968 yana da shekara 20, aka sallame shi a 1978, ya fita yana da shekara 30 da iyali, ya bar shekarun da sa'o'insa suka koyi sana'a ko suka kafa gona a layin fareti. A ɗaya hannun kuma shekarun aikinsa ba su kai 15 da tsarin wancan lokaci ya gindaya kafin a sami fansho ba, saboda haka abin da da yawansu suka tafi da shi garatuti ne, wato dunƙulen kuɗin da ake biya sau ɗaya, wanda tsadar kayayyaki ta cinye cikin ɗan lokaci. An sassauta sharaɗin zuwa shekara 10 a 1992, amma sassaucin bai waiwayi waɗanda suka riga suka fita ba, shi ya sa har cikin shekarun nan ake ganin ragowar waɗannan dattawa, masu shekara saba'in da tamanin, suna taruwa a ƙofar ma'aikatun gwamnati a Abuja da takardun sallamarsu a hannu, suna neman a saka sunayensu a rajistar fansho.